Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sunaye Biyu a Saman Waƙa

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya ɗora ni a motar kasuwa da akwatin ƙarfe da ƙullin ƙuli-ƙuli, ya damƙa ni a hannun kawuna da ke Zariya don in ci gaba da karatu. Kafin in shiga labarin makaranta, bari in ɗan ratse, domin akwai abin da ya same ni a shekarun nan na farko wanda ya fi duk darasin aji zama a raina. Shi ne ma sanadin da har yau, da furfurata, nake tsayawa gaban mawaƙan coci ina kaɗa hannu.

A gidanmu na ƙauye, can ƙasar Malumfashi, Littafin Waƙoƙi ɗaya ne tak. Bangonsa ya daɗe da cirewa, Inna ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa, ana ajiye shi tare da Littafi Mai Tsarki cikin kwano mai murfi saboda gara. Wadda ta fi kowa sanin abin da ke cikinsa kuwa ita ce wadda ba ta ganinsa, wato Kaka, mahaifiyar Baba. Tun da na yi wayo makauniya na san ta. Ko lokacin da take da ido ba ta yi boko ba, amma faɗi lambar waƙa kawai, sai ta ɗauko ta daga baitin farko ta dire a na ƙarshe. In mai bishararmu ya tsallake baiti don rana ta yi, sai ka ji murya daga layin mata: "Malam, ka bar ɗaya a baya."

Ban taɓa tambayar kaina wa ya yi waƙoƙin nan ba. Waƙar Shata kowa ya san ta Shata ce, ta Ɗan Maraya kuma ko yaro ya ji kuntigi zai faɗi mai ita. Amma waƙar sujada na ɗauka tare da Zabura ta sauko. In an matsa mini da tambaya, da na ce Baturiyar mishan ɗin da Kaka take yawan ambata ce ta zauna ta rubuta su kaf. A saman wasu waƙoƙin akwai 'yan haruffa da lamba, S.S.&S. kaza. Na taɓa tambayar Baba ma'anarsu, ya ce alamar masu buga littafi ce, in bar shi ya ji da gyaran garma.

A cocin da kawu yake zuwa a Zariya na fara ganin ƙungiyar mawaƙa ta sosai, masu murya huɗu, da ogan irin wanda ake takawa da ƙafa yana shaƙar iska kamar zugazugin maƙeri. Ina ɗan shekara 14. Mai koyar da su wani dattijo ne, tsohon akawun reluwe, kowa Malam yake ce masa. Siririn mutum, ba ya rabo da alli a aljihu, kuma kunnensa ya fi na zomo. Mutum 30 na waƙa, zai ɗaga hannu a tsaya, ya nuna mutum ɗaya a layin baya ya ce, "Kai, ka sauko, rufin ɗakin nan na kwano ne, kada ka huda mana shi." Da do, re, mi yake koyarwa, ya cika allo da haruffa da ɗigo-ɗigo. Daga baya na san wata mata ce a garin Norwich na Ingila, Sarah Glover, ta faro wannan dabara don koya wa yara waƙa, wani fasto mai suna John Curwen ya gyara ta ya yaɗa, har ta biyo 'yan mishan ta iso allon Malam.

Muryata a lokacin tana fashewa, ba ta zauna a sama ba, ba ta sauka ƙasa ba. Malam ya saurare ni sau ɗaya ya ce, "Ɗana, kai sai baɗi. Kafin nan ga aiki." Aikin shi ne in riƙa ɗauko masa babban littafinsa daga gida ranar Talata da Asabar, in share ogan, in buɗe masa shafi yana kaɗawa. Littafin mai kauri ne, jan bango, na Turanci, waƙa 1,200 a ciki kowace da zanen muryoyinta. Sunansa Sacred Songs and Solos, amma mu Sanki muke ce masa. Ranar da na duba bangon na haɗa haruffan farko na sunan, sai da na yi tsalle. Ashe alamar da Baba ya ce ta masu buga littafi ce, adireshi ne. Tana cewa in kana son karin wannan waƙa ta Hausa, je ka lamba kaza a littafin Sanki.

Sanki ɗin ma mutum ne, Ira Sankey, Ba'amurke mai waƙa da yake bin wani mai wa'azi, D. L. Moody, gari-gari a Amurka da Birtaniya. Ɗan ƙaramin littafi ya fara fitarwa a 1873, yana ta ƙari har ya zama wannan tulin. Malam yana son ba da labarin yadda a 1874, a Sikotilan, Sankey ya sayi jarida a tashar jirgin ƙasa ta Glasgow, ya tsinci waƙar wata mata, Elizabeth Clephane, kan tumaki 99 da ɗayar da ta ɓata, ya yanke ya sa a aljihu. A taro a Edinburgh Moody ya juyo ya ce ya yi waƙar da ta dace da wa'azin makiyayi, shi kuwa ya shimfiɗa takardar jaridar a kan ogan, ya ƙago karin nan take a gaban jama'a. Matar ta riga ta rasu tun 1869, ba ta taɓa jin an rera ba. Ina jin abin da ya fi burge Malam a labarin shi ne tashar jirgin.

Garin buɗe shafi ne na lura cewa kowace waƙa tana da suna biyu a samanta, da ƙananan haruffa, ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Na tambaya. Malam ya ce na hagu shi ya tsara kalmomi, na dama shi ya sa musu kari. Abin ya ba ni mamaki, don a wurinmu mai waƙa shi ne mai karinta, sai dai a taya shi da amshi da kiɗa. Sai na shiga karanta sunayen kamar mai bin kabari-kabari. Akwai wani da yake ta dawowa a hagu, F. J. Crosby. Ka buɗe nan shi ne, ka tsallaka shafi 20 shi ne. Ran nan bayan an tashi na ce, "Malam, wannan Mista Crosby ɗin ba shi da wani aiki ne sai waƙa?"

Malam ya yi dariya har da tari. Ya kira matan alto da suke ɗaura ɗankwali za su fita, ya ce su zo su ji, yaron nan ya sa wa Fanny gemu. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai na ce ai ban ga hotonta ba. Ya ce, "Ita ma ba ta taɓa ganin hoton nata ba. Zauna."

Abin da ya faɗa mini a yammacin nan, da abin da na ƙara karantawa da na girma, ga shi. An haifi Fanny Crosby a 1820 a wani ƙauye a jihar New York. Tana da mako 6 a duniya idanunta suka kumbura, likitan garin ba ya nan, wani da ya ce ya iya magani ya ɗaura mata haɗi mai zafi a ido, daga nan ba ta ƙara gani ba. Haka ita da danginta suka ba da labarin. Kafin ta cika shekara mahaifinta ya rasu, uwar ta shiga aikatau, riƙonta ya koma hannun kakarta. Kakar ce take zaunar da ita tana kwatanta mata fure da tsuntsu da faɗuwar rana, tana karanta mata Littafi Mai Tsarki. Da ta ɗan tasa, sura 5 take haddacewa a mako, har ta riƙe littattafan Musa 5 da Bishara 4 da Karin Magana da Zabura masu yawa a ka. Tana dab da cika shekara 15 ta shiga makarantar makafi ta birnin New York, ta gama ta zama malama a nan, ta auri wani makaho mai kiɗan ogan, Alexander van Alstyne, a 1858. Waƙar sujada kuwa ba ta kama ta gadan-gadan ba sai 1864, tana dab da cika shekara 44, da ta haɗu da wani mai buga littattafan waƙa, William Bradbury. Daga nan zuwa rasuwarta a 1915 ta yi waƙa fiye da 8,000. Yawansu ya sa masu buga littafi suka riƙa sa mata sunayen aro, wajen 200, don kada mai saye ya buɗe ya ga littafin na mutum ɗaya ne. Ke nan ko ƙirgen da nake yi a Sanki ban ƙirga daidai ba.

Ban iya barci sosai ba a daren. Hutu kawai nake jira.

Da na koma gida hutun Kirsimeti, ko takalmi ban cire ba na wuce ɗakin Kaka. Ta shafa kaina da fuskata ta ce, "Maigidana ya dawo, amma birni bai ba shi abinci ba. Me ka kawo wa matarka?" Na ce na kawo mata labari. Ta ce labari ba ya shiga miya, amma in faɗa. Na ɗan rera mata karin waƙar nan ta tabbacin ceto, wadda take lamba 873 a Sanki, ta karɓe ta cikin Hausa tun ban kai ƙarshen layi ba. Na rera ta roƙon Mai Ceto kada ya wuce mu, ta karɓe. Na ce, "Kaka, duk mace ɗaya ce ta yi su. Kuma makauniya ce."

Ta yi shiru. Can ta ce, "Da shi aka haife ta, ko samunta ya yi?" Na ba ta labarin mai maganin. Ta ce, "Uhm. Su ma suna da su ashe." Ranar ce na fara jin yadda nata idon ya tafi. Yana ce ta rufe mata ido, wani mai magani da yake bin kasuwanni ya ce zai kwantar mata da ita da tsinke. Ta ga haske kwana kaɗan, sannan ciwo ya taso, komai ya ɗauke. An biya shi da akuya. A gidanmu ba a taɓa tayar da maganar ba, ita ma daga ranar ba ta sake ba.

Sai ta shiga yi mini tambayoyi irin na wanda ya san sana'ar. Wa yake rubuta mata? Na ce a ka take tsarawa, yawanci da dare in gari ya yi tsit, ta riƙe waƙa da yawa a ka har sai mai rubutu ya zo ta zuba masa. Kaka ta ce, "Ai dole. Mai ido ne yake mantuwa, don ya san zai koma ya duba." Ta ce ashe Turawa ma suna da nasu Aliyu Namangi. Ko da yake mu Kirista ne, babu wanda ya tashi a ƙasar nan bai ji Imfiraji a bakin makafi masu bara ba, kuma Kaka tana girmama malamin nan na Zariya ƙwarai, tana cewa wanda ya tsara wannan bai rasa komai ba don ya rasa ido. Da ta tambayi ko nawa ake biyan Fanny, na ce dala 1 ko 2 kowace waƙa, ribar littafin kuma ta masu bugawa ce, ita a gidajen haya ta yi yawancin zamanta, tana zuwa unguwannin matalauta na New York tana yi wa mashaya wa'azi. Kaka ta ce, "To, ba ta tsira daga bara ba ke nan, sai dai tata da takarda."

Ita wannan ta lamba 873, ƙawar Fanny ce Phoebe Knapp, matar wani attajiri, ta fara yin karin a 1873. Ta kaɗa mata ta ce me wannan karin yake cewa, Fanny ta amsa da layin farko. Haka kuma William Doane, mai masana'antar injinan aikin katako a Cincinnati, wanda ya sa wa waƙoƙinta da yawa kari. Ana ba da labarin ya shigo mata a 1868 da sabon kari, ya ce saura minti 40 jirginsa ya tashi, kafin ya fita ta ba shi waƙar nan ta kwanciya lafiya a hannun Yesu, wadda muke yi in an rasa yaro. Na gaya wa Kaka cewa Fanny ta taɓa haihuwa sau ɗaya, a 1859, abin bai zauna ba, kuma da wuya a ji ta tana maganar. Kaka ta binne 4 cikin 9 da ta haifa. Ta ce, "Minti 40 ɗin me? Shekara 9 ta yi tana yin ta."

Wannan batu na kari ya riga kalma zuwa, shi ne ya buɗe mini ido kan wani abin da Malam yake yawan ƙorafi a kai. Waƙoƙin nan da suka zo ƙasarmu, karinsu ya riga ya daskare, Hausa ce aka lanƙwasa ta shiga ciki. Hausa kuwa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, tana da hawa da sauka, in ka taɓa su ka taɓa ma'ana. Malam yakan ce, ɗauki kalmar gari. In karin Bature ya ja gaɓar farko, garin da kake marmarin shiga ya koma garin tuwo. Don haka wani lokaci yakan sa mu gutsure wata gaɓa mu ja wata, ko da littafin bai ce haka ba. Yakan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mu da muka aro, sai mu san yadda za mu tauna.

Duk da haka ban yarda da masu raina fassarar nan ba, kuma na sha yin musu da matasan mawaƙa a kan haka. Wanda bai taɓa gwadawa ba ne yake ganin wasa ne. Ka ɗauki layi mai gaɓa 8, ka zuba masa Hausa mai gaɓa 8 cif, ma'ana ba ta zube ba, tsohuwa a ƙauye ta ji ta gane har ta yi hawaye. Na gwada da na girma, baiti ɗaya ya ci mini mako. Abin da yake damuna shi ne, a Sanki suna biyu ne a saman waƙa, a namu na gida da Inna ta ɗinka wa riga kuwa babu suna na uku, na wanda ya sha wannan wahala. Mun san Dokta Walter Miller na Wusasa da aikinsa a kan Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Malam ya taɓa kai mu Wusasa da ƙafa mu ga cocin nan na ƙasa mai ginin Hausa, ya tsaya a ƙofar ya ce, "Duk inda kuka ga Bature ya yi Hausa mai daɗi, ku leƙa bayansa, akwai wani malami zaune a tabarma yana cewa a'a, ba haka muke faɗa ba."

A shekarata ta biyu a Zariya, da damina, Yaya ta rasu. Ita ce babbarmu, aurenta bai cika shekara 2 ba. Naƙuda ta zo da gardama cikin dare, rafi ya cika ya raba ƙauyen da titi, kafin ruwa ya janye a samu mota rai ya yi halinsa, ita da abin cikin. Sai bayan kwana 2 saƙo ya same ni. Na tarar an riga an binne, ana zaman makoki, Inna tana zaune a ƙofar ɗaki ba ta kuka ba ta magana.

Ranar Lahadi wani baƙon mai wa'azi ya zo daga gari don ta'aziyya. Ya sa aka yi waƙar nan mai cewa ko salama ko baƙin ciki, lafiya lau ne ga raina, lamba 901 a Sanki, sannan ya ba da labarin mai ita. Na riga na san labarin daga wurin Malam. Horatio Spafford lauya ne a Chicago, gobarar 1871 ta cinye masa dukiya. A watan Nuwamba na 1873 ya sa matarsa Anna da 'ya'yansu mata 4 a jirgin ruwa mai suna Ville du Havre zuwa Turai, shi zai biyo baya. A tsakiyar teku wani jirgi ya yi karo da su, cikin minti 12 nasu ya nutse, mutum 226 suka mutu, har da yaran duka, babbar ba ta wuce shekara 12 ba. Anna ta bugo masa waya daga Cardiff cewa ita kaɗai ta tsira. Daga wannan ne waƙar ta fito. Mai wa'azin ya faɗi duk wannan daidai. Sai ya juya wajen layin mata ya ce, wannan bawan Allah 4 ya rasa ya yi waƙa, to wanda ya rasa 1 me zai hana shi buɗe baki?

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Inna ta sunkuyar da kai. Coci ya yi tsit, sai muryar nan da ta saba gyara wa mai bishara baiti ta taso: "Malam, shi ya yi waƙa. Ita uwar yaran da ta ji ruwa ya fizge su daga hannunta, wace waƙa ta yi?" Mai wa'azin ya buɗe baki ya rufe. Baba ya yi gyaran murya, wani dattijo ya yi maza ya ce a tashi a yi addu'a. A hanyar gida ina jan sandarta, na ce Kaka kin ba mutumin nan kunya. Ta ce, "Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, maigida. Kai ja ni, kada ka sa ni a kwata."

Shekaru bayan haka na karanta sauran labarin, wanda ba a cika faɗa a kan bagade ba. Spafford da Anna sun sake haihuwa, ɗansu namiji kuma ya rasu yana ƙarami a 1880. Zamansu da cocinsu ya yi tsami har suka fita, a 1881 suka tattara suka koma Urushalima, can ya mutu a 1888. Na dama a shafin, Philip Bliss, wanda ya sa karin ya kuma raɗa masa sunan jirgin da ya nutse, bai shekara da fitar da waƙar ba. Ranar 29 ga Disamba 1876 gada ta karye da jirgin ƙasan da yake ciki a Ashtabula ta jihar Ohio, wuta ta kama, shi da matarsa suka tafi, yana da shekara 38. Haka Joseph Scriven, mai waƙar nan ta abokin da babu kamarsa, lamba 319: amaryarsa ta nutse a ruwa ana gobe ɗaurin aure a Ailan, ya koma Kanada, wadda ya sake nema ita ma ciwo ya ɗauke ta. Shi ba don coci ma ya rubuta ba, wasiƙa ce ya aika wa mahaifiyarsa da ba ta da lafiya, wajen 1855, aka yi shekaru ana rera ta ba a san mai ita ba. Tun daga ranar makokin Yaya na yi wa kaina alkawari, kuma na riƙe shi: ina ba mawaƙana labarin mutanen nan a wurin koyo, amma ban taɓa ɗaukar masifar wani in auna ta mai makoki da ita ba. Inna ta yi wata 5 ba ta rera komai ba. Ranar da ta fara, tana tankaɗe ne, ba wanda ya sa ta.

Kafin in koma Zariya a wancan zuwan, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suka zo gaisuwa da tulunansu da kacau-kacau. Su ba sa buɗe littafi. Ɗaya ta bayar, saura su amsa, karin kuma na gida ne, Hausar tana tafiya da ƙafarta babu inda aka ja ta. Suka yi wata da na sani tun ina goye, mai maganar cewa wanda ya ba da hatsi a bara bai mutu ba, zai ba da na bana. Ina zaune kusa da Kaka, sai ciwon da Malam ya sa mini ya motsa. Na ce, "Wannan fa, wa ya yi ta?"

Ta ce, "Wace?"

Na ce wadda ake yi.

Ta ce, "Au, wannan. Ni ce. Shekarar fari, da kakanka ya tafi cin rani bai aiko ba."

Na ɗauka wasan jika da kaka ne, sai da matar mai bishara ta ce ai kowa ya sani. Kowa ban da ni. Daga baya na ji waƙar nan a taron mata a Kaduna, na ji ta a Jos an sauya mata baiti biyu, na tambayi masu yi, suka ce tsohuwar waƙa ce kawai.

A daren na yago takarda daga tsakiyar littafin lissafina, na kunna aci-balbal, na sa ta ta faɗa mini baitocin ina rubutawa, guda 6. Da na gama na rubuta sunanta da ƙananan haruffa a sama ta hagu, yadda na gani a Sanki. Na karanta mata. Ta ce in daina ɓata takardar makaranta. Na ce saura na dama, wa ya yi karin? Ta ce a bakin uwarta ta ji shi, ita ma da shi take niƙa, amma da wasu kalmomin da ba na coci ba, waɗanda ba za ta faɗa wa yaro ba. Na ce to sunan wa zan sa?

Ta ce, "Rubuta dutsen niƙa."

Haka na rubuta. Takardar tana nan cikin jan littafin Malam, wanda yadda aka yi ya dawo hannuna, da abin da ɓeraye suka yi wa ogan ana saura kwana 3 bikin Ista, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.